Rediyon da ke kunna kansa a motar mahaifina

Shekarun baya can, ba a daɗe da komawa tuƙi ta hannun dama ba, mahaifina ya rasu ya bar mana wata tsohuwar bas. A Kawo muke zaune, a Kaduna. Da ita yake ɗauko wa masu shaguna kaya daga Babbar Kasuwa, sabulu ne, gishiri ne, katan-katan na madara, kuma da ita ya riƙe mu har na gama makaranta na samu aikin akawu a wata ma'aikata. Motar ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa, sitiyarinta ma a dama yake, irin na da. A kasuwar ya yanke jiki ya faɗi ana cikin yi masa lodi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Wani abokin sana'arsa ne ya tuƙo motar gida, ya shigar da ita da baya cikin rumfar da ke jikin ɗakin mahaifiyata, ya kulle, ya miƙa makulli.

Rumfar ta zana ce, a nan muke jibge itace, kuma ta yi wa motar kaɗan. Bayanta na ciki, hancinta a waje, daidai ƙarƙashin indararo. Ba wanda ya sake taɓa ta. Ni dai abin da na sani game da mota bai wuce in buɗe ƙofa in zauna ba.

Damina ta kankama, mahaifiyata tana cikin takaba. Wata Asabar da la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, ina zaure sai na ji muryar namiji a tsakar gida. Na fito da sauri in ga wane marar kunya ne. Ba kowa. Daga cikin motar maganar ke fitowa, ƙofofi a kulle, gilasai a rufe. Rediyo ne, mai karanta labarai yana yi yana shaƙewa, ya yi shiru, ya dawo. Ga mahaifiyata tsaye a bakin ƙofarta da carbi a hannu, ta ƙura wa motar ido.

Ni ne fa nake ɗaura laktaye in zauna a ofis ina musu da mutane cewa babu wani abu wai shi fatalwa. Ranar kuwa ko kusa da motar ban je ba. Ina nan tsaye bakina yana motsi, ban ma san wace addu'a nake karantawa ba, har abin ya gaji ya yi shiru don kansa.

Kafin magariba labari ya zagaye unguwa. Washegari ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya zo ya karɓi makulli, ya yi bisimilla, ya zura hannu daga nesa ya murɗa rediyon ya kashe. Ya ce magana ta ƙare. Aka sake yin ruwa, sai ƙananan fitilun gaba suka kama da rana tsaka, ja-ja, kamar idon marar lafiya. Liman ya zo ya yi mana nasiha, ya ce wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa ya kunna fitila, aka yi addu'a aka shafa. Duk mun ce haka ne. Amma mata suka daina shigowa gaisuwa su kaɗai.

Abin da ya fi damuna mahaifiyata ce. Ta daina cin abinci. A kai mata tuwo, a dawo da shi yadda yake. Da hadari ya haɗo sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna tana fuskantar rumfar. A 'yan kwanaki wuyanta ya fito.

Baffa ya ce shi ba zai zuba ido ba. "Na yi magana da wani a Panteka, wurin masu kwance tsofaffin motoci," in ji shi. "Zai zo ya ja ta, su farfasa. Ba za mu zauna da abin da ba mu san kansa ba."

Na ce, "Baffa, ƙannena fa? Da ma so nake a ba wani direba ya ci gaba da aikin. Albashina ba zai riƙe gidan nan ba."

"Wane direba ne zai shiga wannan? Kai ka shiga mana mu gani."

Gaskiya ya faɗa. Muka juya ga mahaifiyata, ta ce, "Ku yi yadda kuka gani."

Ana saura kaɗan a zo a ja ta, sai ga wani abokina da muka yi firamare tare. Gyaran wayar mota yake yi a wani gareji kusa da tashar Kawo, irin waɗanda ake kira rewaya. Ya yi tafiya garinsu lokacin rasuwar, sai yanzu ya samu zuwa ta'aziyya. Bayan ya gaida Inna muka zauna a zaure, na rage murya na ba shi labari. Ya yi dariya har da buga cinya. Can sai ya tsaya.

"Ka ce kullum bayan ruwa?"

"Bayan ruwa."

"Batir yana jikinta har yanzu?"

"Ina na sani?"

Sai ya miƙe. Ya sa na karɓo makulli a wurin Baffa, ya zaro filaya daga aljihun rigarsa, ya fara cire kan batir. Sannan ya buɗe ƙofar direba ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Ni ina tsaye can gefe, wai ina gadin ƙofa.

"Zo ka gani," ya ce. "Zo mana, ba ya cizo."

Na sunkuya. Ya nuna mini wani ɗan faranti da wayoyi suka taru a jikinsa. Ya ce gidan fis ke nan, kowace waya da nata fis, in wuta ta yi yawa shi ne zai ƙone ya yanke ta kafin ta yi ɓarna. Wannan kuwa duk tsatsa ta cinye shi, ya yi kore shar, yana ɗigar ruwa. Robar gilashin gaba ta tsage, ruwan indararo yana bi ta nan yana sauka a kansa. Fis ɗin ma rabinsu babu. Duk wanda ya ƙone, mahaifina sai ya naɗa 'yar waya a gurbinsa ya ci gaba da harkarsa. Wayoyin nan sun saki suna taɓa juna, in danshi ya shiga sai wuta ta tsallaka inda ba a aike ta ba.

"Shi ne rediyonka, shi ne fitilarka," in ji shi. "Amma ba wannan nake so ka gani ba. Taɓa nan."

Na taɓa. Gefen farantin ya narke ya dunƙule. Rigar wata waya mai kauri ta ƙone ƙurmus, kwalin da ke bayanta ya yi baƙi, yana marmashewa a yatsana.

Ya fito ya zauna a bakin ƙofar motar. Ya dubi zanar rumfa, ya dubi tarin itace, ya dubi tagar ɗakin Inna da ke kusa da kansa. "Wallahi Allah ne ya tsare ku," ya ce. "Wuta ta fara ci a nan ta mutu ba sau ɗaya ba."

Nan na zauna a ƙasa, cikin caɓi, da farin wandona. Tsoron da na yi ta ji a baya ashe wasa ne.

A ranar muka kira maƙwabta aka turo ta fili. Washegari muka tafi Panteka neman wani gidan fis ɗin. Muka yi ta ratsa gawarwakin motoci, wannan an riga an cire, wancan ya fi namu lalacewa. Inda muka dace kuwa, wurin mutumin nan ne da Baffa ya yi wa magana. Da ya gane ko mu su wane ne ya riƙe haɓa. "Ni ina jiran ku kawo mini mota, ashe ku ne za ku ɗebi tawa!" Ya dai bari muka kwance, har ya haɗa mana da fis masu kyau.

Aikin ya ci mana yini guda. Abokina ba ya cire waya biyu a lokaci ɗaya. Ya zare ɗaya daga tsohon, ya kankare bakinta har ta yi haske, in ta ƙone ya yanke ya yi mata sabon kai, ya ɗaura ta a sabon, sannan ya koma ta gaba. Aikina riƙe tocila, shi ma ban iya ba. "Wayar za ka haska, ba idona ba, ranka ya daɗe akawu." Da ya gama ya liƙe robar gilashin, ya mayar da kan batir, ya ce a kawo ruwa.

Baffa yana tsaye, hannu a baya. Aka sheƙa bokiti a kan gilashin, aka ƙara. Muka yi tsit muna jira. Ba murya, ba fitila. Aka tura ta, ta yi tari, ta yi tari, ta tashi da hayaƙinta. Baffa ya gyara hula ya ce, "Ni da ma tun farko raina bai ba ni aljanu ba ne."

Na ɗauki tsohon gidan fis ɗin na kai wa mahaifiyata. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika haɗa ido da ni ba. Ta karɓa ta jujjuya shi a tafin hannu, koren yana shafar yatsunta.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Inna. Tsatsa ce da ruwa."

"Kai, ka tabbata? Ba shi ba ne?"

Na ce na tabbata. Sannan, tana kallon ƙasa, ta ce ranar da mahaifina zai yi fitarsa ta ƙarshe ya tashi da jiri, ta ce ya zauna ya huta, ya ƙi. Ranta ya ɓaci. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To, sai na dawo," ita kuwa ta juya masa baya ta ci gaba da shara.

"Ban ce masa a dawo lafiya ba," ta ce. "Tun da muke ban taɓa ƙin amsa masa ba sai ranar. Da abin nan ya fara, na ce fushi yake da ni."

Ta yi kuka sosai, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar rasuwar. Na zauna kusa da ita. Da ta share ido ta ce a kira mata yaron nan mai gyara ta sa masa albarka, kuma a ɗumama mata kunu.

Motar ta ƙara shekaru tana aiki a hannun wani direba, da ita ƙannena suka yi karatu. In na tuna lokacin nan, ajiyar zuciya nake fara yi, don na san abin da ya kusa faruwa da mu a rumfar nan. Sai kuma in yi mamakin yadda gida guda muka taru a kan mota, kowa da shawararsa, ba wanda ya zauna ya tambayi matar nan me take ji.

Daga ranar har ta koma ga Allah, ba wanda ya fita gidanmu bai ji amsarta ba. Ko faɗa ta gama yi maka, kana kaiwa zaure za ka jiyo ta daga ciki, murya a murtuke: "A dawo lafiya!"