Bencin Koci

A ƙungiyar ƙwallonmu ta Shagari Low Cost ba a korar koci da baki. Akwai wani dogon benci da mu 'yan kallo muka sa kafinta ya haɗa. In mun gaji da mutum, sai mu ɗauke bencin daga bakin fili ana tsakar wasa. Shugabannin ƙungiya sun san karatun, su ke ƙarasa sauran.

Shekarar da jama'a suka yi ta kwararowa Jimeta daga arewacin jiha, aka kawo mana sabon koci. Malamin wasanni ne a wata makaranta da aka ƙona. Ladan aikinsa shi ne ɗakin ajiye ƙwallaye, inda ya tare da tsohuwarsa. Kowa ya san in aikin ya tafi, ɗakin ma ya tafi.

Ni kuwa a lokacin bakina ba shi da linzami. Tun wasan farko na yanke masa hukunci. Ba ya ihu, ba ya yi wa alƙalin wasa tsawa, rabin hankalinsa na kan ƙofar da 'yan banga ke laluben masu shiga. Abin da ya fi ba mu haushi, shi da kansa yake fito da bencin daga ɗakin a kafaɗa, ya shimfiɗa masa buhu kada takalma su ɓata shi, amma ko sau ɗaya bai zauna ba.

"Oga, wannan mutum ya raina mu," in ji maƙwabcin shagona, wani Ibo mai sayar da batir. "Koci wanda bai zauna ba, bai zo zama ba."

Wasan farko canjaras, na biyu aka lallasa mu. A na uku, da aka zura mana ƙwallo ta biyu, na kama kai ɗaya, maƙwabcina ya kama ɗaya, muka kai bencin shagona ana yi mana tafi.

Washegari da hantsi sai ga koci. Na gyara zama, na tanadi baƙar magana. Ya gaishe ni a tsanake, har ya tambayi kasuwa.

"Hamma, an ce benci yana wajenka," ya ce. "An sallame ni, sun ba ni zuwa Juma'a. Ka ara mini shi kwana uku. Dada, tsohuwata, a kai yake kwana, sanyin siminti yana kama masa ƙafa. Jiya tsohuwa bai runtsa ba."

Kunya ta rufe ni. Na ce bari in tsayar da Keke mai ƙafa uku, ya ce in bar shi, ya saba. Ya ɗora shi a kafaɗa ya tsallaka titi.

Ranar Juma'a da na zo buɗe shago, na tarar da bencin a ƙofa, an goge shi tas. Har yau yana nan, masu sayayya ke zama a kai. Ni dai ban taɓa zama ba.