Hancin Rasiwan

A Cilacap, wani garin bakin teku, kowa da abin da yake cin abinci da shi. Wani kwale-kwale, wani keken fasinja, wani bakinsa kawai. Rasiwan da hancinsa ya ci abinci shekara ashirin da shida, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Uwarsa kifi take sayarwa a bakin teku, a wurinta ya gaji hancin. Yana da shekara ashirin da huɗu ya samu aiki a wani kamfanin ajiyar ɗanyen mai da ke bayan tashar jiragen ruwa, aka sa shi cikin masu ɗibar samfur. In jirgi ya juye mai a tanki, mutum biyu za su hau matakala ɗari da ashirin, su buɗe murfin sama, su zura kwalbar tagulla da sarƙa, su ɗebo na sama da na tsakiya da na gindi. Su shafa wani farin abu a jikin ma'auni su saka har ƙasa. Inda ya koma ja, nan ruwa ya kwanta. Daga nan sai ɗakin gwaji, inda masu fararen riguna ke zaune cikin sanyi suna auna nauyin man da gishirinsa da lakarsa da farar wutar da ke ciki. Su ke sa hannu a takarda, masu hawa kuwa sai ciwon gwiwa.

Amma kafin injinsu ya gama zafi, Rasiwan ya cire toshiyar kwalba ya kai hanci.

"Wannan na Larabawa ne, farar wuta ta yi masa yawa," zai ce. Ko kuwa, "Na Sumatra ne, an gauraya shi da wani."

Bayan awa biyu injin ya maimaita abin da ya faɗa. Ya ƙi sigarin kanumfari da kowa ke zuƙa a bakin ƙofa, ya ƙi turare, duk don tattalin hancin nan. Yana da girman kai, ba za a ɓoye ba, amma ya iya abinsa.

Ba don wannan wasan ake ji da shi ba. Akwai wata muguwar iska da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tanki. In kaɗan ce, warin baragurbi take yi. In ta yi yawa, shaƙa ɗaya ta ishi ƙato. Kamfani ya raba 'yan na'urori da ake maƙalawa a aljihu su yi ƙara in sun ji ta, sai dai tsofaffi ne, hayaƙin babbar mota ma kuka yake sa su. Mutane suka gaji suka watsa su a loka, akwatin ajiye kayan ma'aikata. Abin da aka saba shi ne Rasiwan ya hau gaba, saura taki goma ya tsaya ya ja iska, ya kai sama ya ɗan ɗaga murfin ya sake ja. In ya ɗaga hannu a biyo shi, in ya kaɗa hannu kowa ya sauka. Sau huɗu ya kaɗa hannu a rayuwarsa, sau huɗun kuma aka auna aka tarar da gaskiyarsa.

Abokin hawansa Dasikin ne, gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Shekara goma sha tara suna hawa tare. Da shekara biyu kacal Rasiwan ya girme shi, amma kullum Kang yake ce masa, yadda ake kiran yaya.

"Na'urar nan ko tusa na yi sai ta kai ƙarata," in ji Dasikin. "Gara hancinka, Kang, shi aƙalla yana rufa mini asiri."

Hancin bai mutu rana ɗaya ba. Kofi ne ya fara zama ruwan zafi. Sai matarsa Turyati ta soya daddawar jatan lande, maƙwabta na atishawa, shi yana zaune ko gezau. Ranar da shinkafa ta kama a tukunya yana bakin ƙofar kicin yana gyaran takalmi, Turyati ta taho da gudu daga rijiya ta sauke, ta tsaya tana kallonsa.

"Kang, kana nan zaune?"

"Mura nake yi."

Murar ta yi wata takwas. Wata rana da Turyati ta ajiye masa abinci ta ce, "Ka je ka gaya musu."

"In gaya musu me? In ba hancin, ni wane ne a wurin nan? Tsoho mai hawa matakala."

"Tsoho mai rai dai."

Ya ture kwanon ya tashi. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya, kuma likitan kamfani ƙirji yake dubawa da ido da jini, ba wanda ya taɓa duba hanci. Ya koyi kallon tutar jirgi, da launin man, da yadda yake zuba daga kwalba, sannan ya kai hanci don idon mutane ya faɗi abin da ya riga ya gano. Sau da yawa yana dacewa. A kan matakala kuwa yana tsayawa inda ya saba, ya ja iskar da ba ta gaya masa komai, ya ɗaga hannu a biyo shi.

Wata safiya ya shiga ɗakin canza kaya ya tarar da Dasikin shi kaɗai. Ya zauna a bencinsa ya ɗaura takalmi, ya ɗago ya ga mutumin yana kallonsa, ba wasa a fuskarsa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Kang."

Daga makon nan Dasikin ya tsiro da sabuwar ɗabi'a. Suna isa gindin tanki sai ya yi wuf ya riga shi kama ƙarfe.

"Likita ya ce in rage tumbi. Kai kuma ka tsufa, kana tare mini hanya kamar saniya a gada."

"Ba haka ake yi ba."

"To kamo ni mana."

Rasiwan ya yi ɗan faɗa don kada a ce bai yi ba. A ransa kuwa daɗi ya ji, daɗi sosai, kuma wannan daɗin ne ya fi komai cinsa daga baya.

Ranar wata Talata da hantsi, an sha ruwa an ɗauke, ko ganye ba ya motsi, aka tura su tanki na bakwai, inda ake tara ragowar mai da ruwan wankin bututu, ya yi watanni ba a taɓa shi ba. Rasiwan ya san irin wannan tankin. Ya buɗe loka ya ga na'urarsa a ƙarƙashin tsohuwar riga, har ya ɗauka ya riƙe. Amma ɗakin cike yake da mutane, kuma in Rasiwan ya maƙala na'ura a aljihu, kafin azahar kowa zai tambayi dalili. Ya mayar ya rufe lokar.

Dasikin na gaba yana haki yana ba da labarin surukarsa. Ya kai sama, ya durƙusa ya ɗaga murfin, ya juyo kamar zai ƙarasa maganar. Sai ya zauna, sannan ya kife, kansa a bakin ramin. Rasiwan na ƙasa da taki goma sha biyu. Ya ja iska da duk ƙarfinsa, bai ji komai ba, idanunsa ne kawai suka ɗauki yaji. Ya riƙe numfashi ya haura, ya kama ƙafar Dasikin ya ja shi har kwanar matakala, a nan shi ma ya faɗi. A asibiti ya farka, an riga an binne abokinsa.

Bayan mako biyu kamfani ya liƙa takarda a allon bakin ƙofa. Ta ce marigayin ya yi gaggawa, ya wuce gaban babbansa, ya buɗe murfi babu na'ura, don haka ma'aikata su ɗauki darasi. Mutane suka riƙa dafa kafaɗar Rasiwan suna cewa, "Da ya bari ka hau gaba, Kang, da yana nan." Shi kuma ya sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Ranar addu'ar arba'in, da maza suka watse da ƙunshin shinkafarsu, matar marigayin, Warsinah, ta kira shi bayan gida inda ake wanke kwanoni. Ba ta ba shi kujera ba.

"Ya sani, Kang."

"Ya san me?"

"Duriyan ya saya, ɗan itacen nan mai tsananin wari, wanda ya nuna har ya fashe. Ya kai wurin aiki ya tura ƙarƙashin bencinka. Ya ce da ka shigo sai ka zauna a kai ka ɗaura takalminka, har ka tambaye shi ko lafiya. Ya dawo gida bai ci abinci ba." Ta goge hannu a zaninta. "Na ce ya kai maganar sama. Ya ce a'a, Kang Rasiwan ba shi da komai sai hancin nan, shekara ɗaya ce, ni zan riƙa sunsuna masa. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Amma 'yata ta bi ta ƙofar kamfaninku ta karanta cewa ubanta mai ganganci ne."

Rasiwan ya sunkuyar da kai.

"Ni an ɗaure mini baki," in ji ta. "Kai ba wanda ya ɗaure naka."

Ranar Litinin ya sa rigarsa mai kyau ya shiga ofishin manaja, ya faɗi komai a tsaye: shinkafar, da duriyan, da na'urar da ya ɗauka ya mayar. Manajan yaro ne a kansa, mai ladabi. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya kira shi Pak, yadda ake girmama babba.

"Pak Rasiwan, a ƙa'idar kamfani babu hanci. Na'ura ce a rubuce. In na rubuta cewa shekara ashirin da hancin mutum muke hawa tanki, wa zai rage a wurin nan? An rufe fayil. Ka je ka huta."

Aka sauke shi daga hawa, aka ba shi wankin kwalabe a bayan ɗakin gwaji, aka sayo sababbin na'urori. Labarin hancinsa ya bazu duk da haka, masu dafa kafaɗarsa suka daina. Takardar kuwa tana nan a allo, ruwa ya jiƙa gefenta, wani ya ƙara mata ƙusa.

Da yammacin ranar da ya ga manaja ya biya gidan Warsinah. Tana zaune a dokin ƙofa tana tsince shinkafa a faifai.

"Na gaya musu," in ji shi. "Duka na faɗa."

Ba ta ɗago ba. "Sun cire takardar?"

"A'a."

Ta tsinci wata tsakuwa ta yar, ta ci gaba da aikinta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tura kekensa ya tafi.