Ƙadri da Katunan da Suka Zo Ba Fuska

Kullum da safe Ƙadri yakan buɗe shagonsa a bayan tashar Tasawa, ya yaye zanen da ke kan ordinatar, wato kwamfuta, ya dafa shayi kofi ɗaya. In akwai wuta, ya zauna gaban inji. In babu, ya zauna bakin ƙofa. Shekara ashirin ke nan. Ba shi da abokin aiki, kuma tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake cin abinci.

Buga takardu ne sana'arsa. Gwanintarsa kuwa gano dalilin da hoto ke ɓacewa daga takarda bayan an tsara ta.

A 2010, ana fari, soja na mulki, wata ƙungiyar agaji ta aiko masa katunan rabon hatsi na wani ƙauye kusa da Baudeta. Ya buɗe su a inji don ya buga, sunaye na nan, gurbin kowane hoto fari fat. Wanda ya tsara bai saka hotunan cikin takardar ba, ya nuna mata inda suke ne kawai a injinsa, injin kuma yana Yamai. Ni na tsara su.

Sojan da ke tsaron rabon ya ce, "Kati ba fuska, ba hatsi. Jibi za a raba."

Ƙadri ya samo hotunan a kyamarar ƙungiyar, amma lambobi ne a kansu, ba sunaye. Ya buga su ƙanana, ya hau babur zuwa ƙauyen, ya zauna gaban wata tsohuwa, Barira.

"Inna, wace ce wannan?"

"Zara'u ce ta Na Allah. Kai, injin naka ya ƙara mata baki!"

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har saura fuska ɗaya da suna ɗaya: Tanna.

Barira ta ce, "Wannan ba tamu ba ce, ɗana. Tambayi makiyaya."

Wani zai haɗa sunan da fuskar ya huta. Ƙadri ya ƙi. Ya taka har zangon makiyaya, ya tarar duk sun tashi sai mace ɗaya a gindin aduwa. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Ni ce Tanna," ta ce. "Lokacin ina da awaki."

Ranar rabo ta karɓi hatsinta. A rahoton ƙungiya sunana aka rubuta, ba nasa ba.

Ƙadri, kai ne mai mayar da fuska gurbinta. Ba ka taɓa faɗa wa kowa kuskuren nawa ne ba. Yanzu ido ya gaza, ƙarshen watan nan za ka rufe shago. Na gode, Allah ya saka maka da alheri.

Masu tsara takardu, ku gwada aikinku a wani injin kafin ku aika, kuma kada ku haɗa suna da fuska bisa zato. Mai wucewa ta bayan tasha kuma ya tsaya ya gaishe da Ƙadri. Kofi na biyu na nan a shagon, an daɗe ba a sha da shi ba.