Ranar da Na Hana a Cire wa Kekena Giya

Ko zan shekara ɗari, ba zan manta Asabar ɗin da na kifa kekena a tsakar gida na rantse ba mai cire masa giya. Lokacin farar hula sun dawo mulki, gine-gine na ta tsirowa a Abuja, duk wanda ya samu sarari sai ya sayi babur. Ni kuwa keken nan ne jarina. Da shi nake ɗauko wa wani Alhaji lemo da abarba daga kasuwar Zuba zuwa rumfarsa a Tungan Maje.

Sai giyar ta fara yi min tsiya. In na zo hawa na sauya, sarƙa ta yi ta ƙara, ta tsallake haƙori, feda ta zame, in sauka ina turi. Sau uku ina kai kaya rana ta take. Alhaji ya ce, "Malam, in ka makara ran Litinin, ɗan acaɓa zan ba aikin."

Ni mutum ne mai fargaba, ko ƙofa na kulle sai na dawo na taɓa ta sau biyu. Na garzaya wurin mai gyara a bakin titi. Ya ɗaga tayar baya, ya juya feda, giya ta shiga lafiya lau. Ya yi dariya. "Oga, keke ƙalau yake, ƙafarka ce ba ta iya ba. Kawo in cire wahalar nan, in rage sarƙa, ya koma kamar na kowa. Giya ai ta 'yan boko ce."

Maganar ta soke ni. Gaskiya ne a aji shida na tsaya, amma ba shi ke hawa tudun nan da kwando a baya ba. Na ce, "Ko noti ɗaya ba za ka kwance ba." Na ja abina.

A gida na wanke sarƙa da kananzir, na yi wa kowane sukuru alama da gawayi, kada in juya abin da ba zan iya mayarwa ba. Rabin juyi nake yi in gwada. Komai daidai. Abin da ya fi tayar min da hankali ke nan, don ta ina za a yi wa ciwon da ya ɓuya magani?

Matata na gefe tana tsince shinkafa. Ta ce, "Baban yara, tun safe kake lallashinsa. Shi fa ba ya ƙin ka a gida, sai ka ɗora masa kaya."

Na tayar da keken, na cika kwando da duwatsu, na ɗaure da robar tsohon tiyub yadda duk muke yi a kasuwa: a ja ta iya ƙarfi, a zagayo ƙarƙashin kariyar da ake ɗora kaya, a naɗe a jikin ƙarfen keke. Nan na gani. Robar ta haɗa da wayar giya ta shaƙe, har ta lanƙwasa ta. Ashe kullum ni ke shaƙe shi da hannuna, sannan in ce ya ƙi ni.

Na miƙar da wayar, na ɗiga mata mai, na sauya wa robar hanya. Sau huɗu na hau tudun bayan gidanmu da duwatsun nan kafin zuciyata ta yarda. Matata ta ce, "Ka sauke haka, kada a ce dutse ka koma sayarwa."

Ran Litinin na bi ta gaban mai gyaran da kwando cike da abarba. Da gangan na rage gudu, na sauya giya sau uku a kan idonsa, ƙas, ƙas, ƙas, na wuce abina. Ina zaune a ƙofar rumfa Alhaji ya iso da makulli.

Tun ranar na san ba a gwada abu sai da nauyin da yake ɗauka. Kuma in wani ya ce ka yar da abinka don ya fi ƙarfin iliminka, ka fara duba ko ya taɓa ɗaukar kayanka.