Mutanen da Inna Ta Turo Mini Ikko

Kafin in zama abin da na zama, ni ɗan kabu-kabu ne a Tambuwal, ina ɗaukar mutane daga tasha zuwa Sanyinna da Dogon Daji. Ubana ya rasu ina ƙarami. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, ita ke yin daddawar da ake zuwa saye har daga Kebbe, kuma mace ce da in ta faɗi magana ba mai sake bincike. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, “yaron nan” take cewa. Samari, ku riƙe wannan, don a kansa labarina yake. Ban mallaki komai ba a duniya sai mutuncin tsohuwar nan.

Motar shanu na bi na tafi Ikko, na sauka Agege wurin ’yan’uwa. Can ma babur na kama, kuma shi ya buɗe mini gari. Na san lungunan kasuwar Balogun inda atamfa da leshi suke jibge har sama. Na san masu tsiren Obalende. Na san wata kasuwa a wajen Lekki da ake sayar da sassaƙe da zane-zane da kayan fata, inda Turawa ke biya ba tayi. Na kuma san gidajen rawa, don a ƙofarsu nake sauke fasinja. Da farko leƙe kawai nake yi, daga baya na fara shiga. Kai, wurin nan yana cin kuɗi! Abin da na wuni ina haɗawa a rana, kafin in zauna sosai ya ƙare, ga shi kuma raina ya riga ya saba.

A wajenmu mutum ba ya zuwa babban gari haka kawai, sai an haɗa shi da ɗan gida. To duk wanda zai zo Ikko daga unguwarmu sai ya biya wurin Inna, ta ba shi lambata, ta ƙulla masa daddawa da yaji ya kawo mini. Ni zan tare shi, in zaga da shi, in yi masa ciniki tunda ina jin Turancin kasuwa. Nan na fara ɗora ɗan abu a kan farashi. Ina ce wa kaina ai ladan wahalata ne. Ba wanda ya gane, sai ma godiya da addu’a.

Ana haka Baba Mande ya zo. Baduku ne, abokin marigayi babana, shi ya ɗinka mini jakar allo ina yaro. Ya iso da buhunan aikinsa na shekara guda: tumtum, jakunkuna, takalma, duk na jar fatar akuya. Yanar ido ta fara rufe masa gani, an ce a asibiti za a iya cire ta in ya samu kuɗin aiki, kuma ya ji an ce kayan fata suna daraja a Ikko.

Ya miƙo mini ƙullin Inna ya ce, “Ɗana, uwarka ta ce in na gan ka na ga gida. Ni ban san kowa ba garin ga.”

Na ce, “Haba Baba, ai ka zo gida.”

Na zaga da shi kamar abin kirki. Muka hau doguwar gadar nan ta kan ruwa, yana ta salati. Na kai shi bakin teku, ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana ya tofar, ya yi ta dariya kamar yaro. Da muka shiga kasuwar kayan fata ya ɗauki wani tumtum ya kai shi kusa da idonsa, ya shafa ɗinkin, ya ce a hankali, “Wanga ai aikin gaggawa ne.” Na tambayi kuɗinsa. Da mai shagon ya faɗa sai na gane kayan Baba Mande dukiya ce babba. Ban fassara wa Baba gaskiya ba. Tun a nan shaiɗan ya gama da ni.

Na ce masa in suka ga baƙo za su karya kayan, gara ya bar ni in yi cinikin ni kaɗai. Na kai shi wani gidan abinci nesa da masaukinmu, na sa aka zuba masa shinkafa da nama.

Ya ce, “Kai ba ka ci?”

Na ce, “Ci kai dai, Baba. Yanzu zan je in dawo.”

Ban koma ba. Na sayar da kayan a ranar, na canza wurin kwana, na kashe waya. Kuɗin idon Baba Mande a gidan rawa suka ƙare, ina liƙa wa makaɗa, ana kirana Alhaji.

Da na kunna wayar, kiran Inna ne ya fara shigowa. Na ɗauka. Sai na ji muryarta cike da murna.

“Mande ya dawo. Ya ce ka yi mai hidima, har teku ka kai shi. Allah shi yi ma albarka.”

Na ce, “Bai ce komai ba kuma?”

Ta ce, “Ya ce kasuwa ce ba ta yi ba. To mi za a yi, haka Allah ya so.”

Daga baya na ji wasu ’yan kabu-kabu ne suka tsince shi a bakin titi, suka haɗa masa kuɗin mota. Amma da ya isa gida ya kasa kallon matar abokinsa ya ce ɗanta ɓarawo ne. Kara ce irin tamu. Da ina da sauran imani, da ranar na tuba. Wallahi abin da na karanta a ciki daban ne: ashe mutanenmu ba za su faɗa ba. Sai na mai da abin sana’a. Inna na turowa, ni ina yashewa. Mai sayen kayan ɗakin ’yarsa, mai neman keken ɗinki, duk a gidan abinci nake barin su da “yanzu zan dawo”. Kowa ya koma ya haɗiye, don kada ya sa tsohuwa kuka. Ita kuwa sai ƙara yabona take a gidajen suna.

Wanda ya kawo ƙarshena wani manomin shinkafa ne daga Kebbe, ya zo sayen injin ban ruwa. Wurin sayen daddawa ya samu lambata, ba abin da ya haɗa shi da gidanmu balle ya yi mana kara. Da na yashe shi, bai koma gida ba. Ya je wurin sarkin Hausawan unguwa ya kai ƙara, aka baza samari, aka kamo ni ina cin tsire. Na sha duka kafin a miƙa ni ga ’yan sanda, alƙali ya ɗaure ni. Gidan yari ba wurin da zan so wa maƙiyina ba ne. Ƙazwa, kwarkwata, kwana a gefe ɗaya don ba wurin juyawa, ga wake mai tsutsa. Garin da nake taƙama na san lungunansa, ba wanda ya leƙo ni daga cikinsa.

Da na fito na dawo Tambuwal, na fara da gidan Baba Mande. Na same shi a zaure, idon ya tafi gaba ɗaya, hannuwansa a kan gwiwa ba aikin yi. Daga sallama ya gane ni. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara.

Ya ce, “Ni na yafe tun tuni. Amma ni ma ina da laifi. Da na faɗa mata, da ba ta ƙara tura kowa ba. Tashi ka tai wurinta, ita ka yi wa.”

A hanya aka ba ni labari. Ranar da maganar ta fasu, Inna ta bi gidajen mutanen da ta turo mini ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowa, “Don mi ba ka gaya mini ba?” Ta sayar da awakinta da gonar babana ta rage musu asara. Ta daina daddawa, ta daina zuwa suna da biki.

Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake, ta rame ƙwarai. Na yi sallama na durƙusa. Ta amsa, ta ɗago ta dube ni, sai ta kira sunana. Sunana na yanka, sarai, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tunda aka haife ni. Ta ce, “An dawo lafiya? Ga ruwa can a randa.” Kamar yadda za ta yi wa kowane baƙo.

Yau ina noma gonar haya, na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Samari, ku je birni in kuna so, ku ga kasuwa, ku ga teku, ba laifi ba ne. Amma in wani ya zo muku da ƙullin gida a hannunsa, ku sani mutuncin iyayenku ya ɗauko. Kada ku ɗora masa ko sisi a ɓoye, don daga nan na fara. Kuma in ɗan wani ya cuce ku, ku daure ku faɗa wa iyayensa tun da wuri.

Hukuma ta sallame ni, Baba Mande ya yafe mini. Inna tana dafa mini abinci, tana amsa gaisuwata kowace safiya. Amma har yau da sunana take kirana.