Maganin da Ba Ya Shiga ta Baki

Ranar da takalmin Inna Usaina ya tsinke a kasuwar Lafia ana tsuga ruwa, wata yarinya mai kayan makaranta ce ta cire silifas ɗinta ta ajiye mata, ita kuma ta taka taɓo har unguwar Akurba. Inna ba ta daɗe da fita takaba ba a lokacin. Sai a ƙofar gida ta gane ashe 'yar sabuwar maƙwabciyarta ce, Sailuba mai gishirin Keana. Sunan yarinyar Mardiya.

Mardiya ba ta da surutu, sai dai tambaya. Ita ce mai tsare uwarta a kan me ya sa ruwan gishiri ke wucewa ta gindin tukunyar da ake tace shi, ƙasa kuma ta tsaya a sama. Ta karanci haɗa magunguna a jami'a, ta zauna ba aiki tana koyar da yara a wata makarantar unguwa. Can Allah ya yi aka ɗauke ta cikin matasan da ake horarwa kan bincike a ƙasar Turawa.

Kafin nan ciwon suga ya riga ya kama Sailuba, sai allurar insulin safe da yamma. Firiji babu, don haka kwalbar a leda take kwana, cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Mardiya ta koya wa uwar yi wa kanta allura, ta tafi.

Da ta zo hutu sai ta tarar da tsohuwa ta zube, ga miki a yatsan ƙafa ya ƙi kamewa, alhali kwalabe na ƙarewa a kan kari. Inna na tsakar gidan da safe, ta kawo musu ƙosai, lokacin da abin ya fito fili. Sailuba ta zuƙo maganin da sirinji tsaf yadda aka koya mata, ta tsiyaye shi cikin koko, ta gauraya.

"Mama! Me kike yi haka?"

"Magani nake sha mana. Ba ke kika ce mini a waya aikinku ke nan ba, a riƙa sha a daina huda mutane? Cikina da cinyata duk sun zama rariya. Na ce bari in riga Turawan naku."

Mardiya ta zauna daɓas a kan turmi. Inna ta lura ba ta yi wa uwar faɗa ba. A hankali yarinyar ta ce wannan magani ciki narkar da shi yake kamar nama, ɗan abin da ya tsira kuma ya yi girma, ba ya iya ratsa bangon hanji ya shiga jini, kamar dai ƙasar da ke tsayawa a tukunyar tace gishiri. Abin da ake koya musu can shi ne yadda za a naɗe shi a lallaɓa da shi ya wuce.

"To kun dace?" Inna ta tambaya.

"A jikin ɓeraye, Inna. Shi ma wani lokaci."

"Ɓerayen Turawa sun ji daɗinsu," in ji Sailuba, tana dariya ita kaɗai.

"Mutane fa, sai yaushe?" in ji Inna.

Mardiya ta dubi ƙafar uwarta.

A asibiti aka cire yatsan. Likita ya ce in sugan bai sauka ba, ƙafar ce za ta biyo baya. Mardiya ta ce ta fasa komawa. Sailuba ta rantse in ta zauna saboda ita ba za ta yafe ba, wai ta je ta ƙarasa wa ɓerayenta. Inna na jin su ta katanga, carbi a hannu. Ita da ko allurar rigakafi ake wa yaran unguwa sai ta kau da kai, me za ta iya banda addu'a? Idon Sailuba ya fara dushewa, dangi kuwa duk suna Keana.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, Mardiya ta yi sallama ta shigo da lemo ɗaya da sirinji. Ta durƙusa gaban sallayar Inna, ta kama hannunta ta ɗora a kan lemon.

"Inna, ki gwada a nan tukuna, bai jin zafi. Abin da nake nema ba zai iske Mama ba, na sani. Don girman Allah ke za ki riƙa yi mata allurar, safe da yamma. Ko ta rantse miki za ta yi da kanta, kada ki miƙa mata sirinjin nan."