Sauran Ɓera

Ina ɗan shekara shida na ci sauran ɓera. Guntun ƙuli-ƙuli ne na tsinta a bayan randar kakata, a ƙauyenmu da ke kusa da Gozaki. Ta hango ni ina tauna, ta karɓi abin da ya rage, ta duba gurbin haƙoran ɓera a jiki, ta riƙe haɓa.

"Shi ke nan, ɗan nan, kanka ya huje. Duk abin da aka zuba maka zubewa zai yi."

A gidanmu kowa ya san wanda ya ci sauran ɓera, shi da mantuwa mutu ka raba. Kafin la'asar labari ya kai gona. Daga ranar, in aka aike ni sayen gishiri sai a haɗa ni da ɗan rakiya.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan mai gari ya rubuta mu makarantar boko, ni da wana, aji ɗaya. Shi don ya yi karatu, ni don a cike lamba. Wana kuwa mai kai ne, kowa ya shaida, ga rubutun sha da Baba ke karɓo masa duk Alhamis. Ya ji abu sau ɗaya ya riƙe, ba ya maimaitawa, don maimaici aikin irinmu ne.

Ni da na san kaina na yoyo, sai na dinga ƙari. Ina tafiya makaranta ina bitar bakwai sau takwas. Ina tsinkar auduga ina bita. In na zauna, na ja tsinke na rubuta a ƙasa, na share, na sake. Ba ƙwazo ba ne wallahi, tsoron bulala ne. Malam ya yi tambaya na amsa daidai, a gida a ce sa'a ce. Ni ma haka nake cewa, sa'ar shekara huɗu cur.

A ƙarshen aji huɗu muka yi jarrabawa. Yaro ɗaya tak za a ɗauka daga makarantarmu zuwa babbar firamare ta kwana a Malumfashi, sauran kowa ya koma ga fartanyarsa. Wata ranar kasuwa malaminmu ya zo a keke da takarda, ya sami Baba a zaure, ya karanta sunana.

Baba ya yi murmushi irin na mai gyara wa yaro.

"Malam, a sake dubawa. Yayansa dai."

"Sunan ƙaramin ne, Baba."

"To magatakarda ya haɗa su. Ai gida ɗaya ne. Wannan ko aike ba ya riƙewa."

Malam ya yi musu har shayinsa ya huce. Da ya gaji ya juyo gare ni, ina tsugune bakin ƙofa.

"Kai, kai ka ci ko ba kai ba ne?"

Da na ce ni ne, na tabbata da ya tsaya mini. Amma na auna kaina da wana, na ga abin ba ya yiwuwa. Na ce, "Ina jin kuskure aka yi, Malam."

Malam ya naɗe takardar, ya ce su can Malumfashi mai sunan kawai suke jira, ba su san fuska ba. Ya hau kekensa.

Baba ya rasu bai taɓa shakkar ya gyara wa hukuma kuskure ba, kuma ban riƙe shi a zuci ba. Kaina nake jin haushi har yau, don ba wanda ya murɗe mini baki.

Ranar tafiya ni na ɗauki akwatin wana a ka har bakin hanyar Kafur, inda ake tsayar da mota. Baba ya ce in dinga kiransa da sunana a hanya don ya saba amsawa. Na kira sau uku, sau biyu bai waiwayo ba. Na ce masa ya riƙa maimaitawa a zuci, zai zauna.